Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Jama'ar Adamawa mazauna Ikko da Badun ba baƙi ba ne ga roƙon ƙanne da 'ya'ya daga gida, cewa a sayo masu kyamara su kama sana'ar hoto. Abin da ke karya gwiwa shi ne kuɗi, domin kuwa sau da yawa gilashin gaban kyamara kaɗai yakan kai kuɗin jikinta. Alhali kuwa a Jimeta da Yola akwai tsofaffin masu hoto da wayar hannu ta kashe wa kasuwa, gilasansu na zamanin fim suna kwance cikin akwati.

To, waɗannan gilasai ba su mutu ba. Tun daga 2008, sa'ad da Panasonic ya fito da ƙaramar kyamara marar madubi, aka samu hanyar ta da su. Dalili shi ne, a irin ta Sony tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da farantin da ke karɓar haske milimita 18 ce kawai, a tsohuwar Pentax kuwa ta ɗara 45. Zoben ƙarfe mai araha shi ke cike wannan gurbi, sai gilashin Pentax ko Helios na Rasha ya zauna daram.

Sharaɗi guda ne, watau saiti da hannu. Yaro zai murɗa gilashi da kansa har fuska ta fito tar, ya buɗe ƙofar haske ko ya rage ta. Kyamarar ma tana taimako, gama tana shafa launi a gefen duk abin da saiti ya kama.

Masu suka za su ce ranar hawan Salla a ƙofar fadar Lamiɗo doki ba ya jiran mai murɗe-murɗe. Gaskiya ne, a wajen sukuwa gilashi mai saita kansa ya fi sauri. Amma masu hoton da ba su rasa dabara ba. Sukan saita wurin da doki zai bi tun kafin ya iso, su matse ƙofar haske, sa'an nan su danna. Har ila yau, cikin hazon hunturu a bakin Binuwai gilashin zamani yakan yi ta lalube, hannun gwani kuwa ba ya ruɗewa. Abin kiyayewa shi ne kada a sauya gilashi cikin ƙura, saboda farantin a buɗe yake.

Saboda haka mai niyyar aike daga Kurmi ya sayi jikin kyamara da zobe a Alaba, ragowar kuɗin kuma a kai wa dattijon mai hoto a Jimeta, a sayi gilashinsa, a roƙe shi ya koya wa yaron. Dattijo ya samu na cefane, yaro ya samu malami, sana'a kuma ba ta bi masu ita kushewa ba. Allah ya sa a gane.