Rubuta Sunan Maganinka Ka Sa A Aljihu

Jama'a, yau ina so in jawo hankalin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi a kan wani abu da muka raina, alhali kuwa yana iya zama sanadin tsira ko halaka.

Kwanakin baya muka kai wani maƙwabcina, dattijo mai sayar da goro, asibiti da tsakar dare, bai san inda kansa yake ba. Aka gwada jininsa aka ga sukari ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya tambaye mu wane magani yake sha, muka yi tsuru-tsuru. Ɗansa ya ce, "Wani fari ne dogo, da wani fari ƙarami." Katinsa na asibiti yana can gida, uwargidansa da ta san komai ita ma tana can. Sai da aka aiki yaro ya kwaso ledar magungunan sa'an nan aka gano ashe maganin ciwon sukari ɗaya ne mai suna biyu, ɗaya ya zo da shi daga gida, ɗaya ya saya a kyamis nan, yana haɗa su yana sha. Allah ya sa da sauran shan ruwansa.

To, wannan fa ba shi kaɗai ba ne. Mu mutanen tafiya ne. Wanda ke Agege yau, jibi yana Sabon Ibadan ko Shagamu, wani satin ya bi motar albasa zuwa Anaca ko Fatakwal. Ko'ina ya ga likita sabon kati za a buɗe masa, kuma sau da yawa shi ba ya jin yaren ma'aikatan, su ba sa jin nasa. In ciwo ya rufe masa baki, wa zai yi magana a madadinsa?

Dubi Panadol. Farasitamol ne, kuma akwai farasitamol cikin magungunan mura da yawa. Bai kamata babban mutum ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 cikin awa 24 ba, domin wuce haka yana lalata hanta. Wanda ya haɗa uku daga kwali daban-daban yana iya zarce iyaka bai sani ba. Haka nan wanda Septrin ya taɓa feso masa ƙuraje, Fansidar ma dangin salfa ne. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin, Ampiclox da amoksisilin duk gida ɗaya suke. Ibufurofen da dikilofenak da 'yan dako da direbobi ke sha saboda ciwon jiki suna tayar da gyambon ciki, suna kuma taɓa ƙoda. Likita ba zai san duk wannan ba sai an gaya masa.

Kada mu manta da shekarar 2008, lokacin da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan. In aka yi shelar janye magani daga kasuwa, uwar da ta rubuta sunan abin da ta ba ɗanta ita ce za ta gane da wuri.

Abin yi ba wuya. Ka sami ɗan littafi ko takarda mai ƙwari, ka rubuta sunanka, da ciwon da kake fama da shi, da sunan kowane magani kamar yadda yake a jikin kwali, da ƙarfinsa, da sau nawa kake sha, da ranar da ka fara, da lambar NAFDAC. Ka sa har da na gargajiya da agbo. Maganin da ya taɓa ba ka wahala kuwa, ka rubuta shi a can sama da jan biro. A ƙasa ka sa lambar wayar ɗan'uwa. Ka ajiye cikin aljihu, ka kuma ɗauki hotonta a waya, amma kada ka dogara da waya kaɗai, domin takan ɓace ko ta kasance a kulle.

Na san wani zai ce bai iya boko ba. Ai mai kyamis ya iya, ɗanka ɗan makaranta ma ya iya. In duk babu, kada ka yar da kwalin. Masu kyamis kuma su ji tsoron Allah, su daina zuba wa mutane ƙwayoyi cikin leda babu suna.

Ina roƙon Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa da na direbobi su riƙa tuna wa jama'a wannan a wuraren taro. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya mai da mu gida lami lafiya, amin.