Ga Tiga, Ga Kwanan Ƙishirwa

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai tambayar da ta wajaba a kan kowane ɗan kudancin Kano kafin ya sāke fasa ledar ruwa da haƙori. Yaya aka yi mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, waɗanda Allah ya zaunar a kan tushen ruwan wannan jiha, suka wayi gari suna sayen ruwan sha ƙulli-ƙulli kamar gishiri? Kogin Kano ta ƙasarmu yake gangarowa, ya keta dajin Falgore, ya zube a madatsar Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwan nan ake noman rani a Kadawa da Kura, shi ake tacewa a Tamburawa a shayar da birni. Mu kuwa da muke bakin gaɓa, ga ƙoshi ga kwanan yunwa: sai rijiya, sai burtsatse, sai abin da aka laƙaba wa suna fiya wata.

To, yanzu masana sun gano cewa abin da muke saye da kuɗinmu ba ruwa ne zalla ba. Roba ba ta ruɓewa kamar ganye ko kara. Farfashewa take yi, rana da zafi da guga su yi ta marmasa ta har ta zama ɓurɓushin da ido ba ya gani. A 2018 masu bincike na wata jami'a a Jihar New York ta Amurka sun auna gorar ruwa 259 da aka sayo daga ƙasashe tara, har da Kenya, suka sami ɓurɓushin roba a cikin kashi 93 bisa ɗari. A farkon 2024 masanan Jami'ar Columbia, da na'urar da ta fi waccan kaifin gani, suka ƙirga kimanin ƙwayoyi 240,000 a cikin lita guda ta ruwan gora. Kafin wannan, a 2022, an duba jinin mutum 22 a ƙasar Holan, aka sami roba a jinin 17. A 2024 kuma likitoci a Italiya suka ba da rahoton cewa majinyatan da aka sami roba a daskararren kitsen jijiyar wuyansu sun fi sauran yawan gamuwa da bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa, har ninki huɗu da ɗoriya.

In haka abin yake a ƙasashen sanyi, ina ga namu, da ake jibge jakunkunan fiya wata a bayan akori-kura, su wuni cikin ranar bazara a Kwanar Ɗangora, sa'an nan a jefa su cikin ƙanƙara a miƙa wa matafiyi? Ina ga gorar lemo da ake tsintowa a wurin biki, a ɗauraye, a ɗura zoɓo ko kunun aya, a sāke tsinto ta, a sāke ɗurawa, har sai ta dushe ta yi laushi? Ina ga koko mai tururi da alala da ake ƙullawa a farar leda a ba yaro ya tafi makaranta?

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa, bisa ɗan abin da aka sani a lokacin, haɗarin ɓurɓushin roba a ruwan sha bai kai na ƙwayoyin cuta ba. Gaskiya ne, kuma ba ma musu. Amai da gudawa cikin yini guda yake kashe yaro, saboda haka uwar da ta sayi leda don ta kauce wa ruwan kududdufi ta yi hankali, babu mai ɗora mata laifi. Amma fa ita wannan hukumar, a cikin rahoton nan, ta nemi a zurfafa bincike, a rage zubar da roba, a kuma kyautata tace ruwan jama'a. Me ya sa ake karanta mana rabin magana a ɓoye rabi? Wane irin adalci ne a ce wa talaka ya zaɓa tsakanin kwalara yau da ciwon da ba a gama sanin iyakarsa ba gobe? An gudu ke nan ba a tsira ba.

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Da mu muke, mu 'yan boko. Ranar da famfo ya fara ƙafewa, maimakon mu ta da jijiyar wuya sai an gyara shi, sai kowa ya nemi wa kansa mafita: mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, ma'aikaci ya rungumi gora, aka bar talaka da leda. Yau babu taron ƙara wa juna sani da za a yi ba a jera gorar ruwa a kan teburin manyan baƙi ba, har ta zama alamar wayewa kamar lakatayi. Kash! Ashe alamar wayewar nan ce muke haɗiya da ɓurɓushinta. Hakkin da ya kamata hukuma ta sauke da kuɗin harajinmu ya koma haja a hannun 'yan jari-hujja, mu kuwa muna tafa musu.

Daɗin daɗawa, ledar da muka yar ba ta tafi ko'ina ba. Mahautanmu sun san irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin shanu da awaki. Manomanmu sun san yadda garma take tono ta a gonar da aka kai wa takin bola. Ruwan damina kuwa yakan kwashe saura daga kasuwannin Tudun Wada da Doguwa, ya bi rafuka ya nufi Tiga, inda kifin da muke ci yake kiwo. Watau abin da muka jefar da hannun hagu, shi zai dawo mana a kwano mu ɗauka da dama.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Na farko, a ja famfo mai tataccen ruwa zuwa garuruwan da suke kewaye da Tiga, domin wanda yake da famfo a ƙofar gida ba ya bukatar leda. Na biyu, hukumar NAFDAC, wadda take ba masu ruwan leda lambar izini, ta sa ido kan yadda ake ajiye shi da yadda ake jigilarsa a rana. Na uku, duk kamfanin da ya ci riba da roba a tilasta masa kwashe abin da ya watsa. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, sama kuwa ba ta faɗo ba. Na huɗu, jami'o'inmu su auna ruwan Tiga da na leda da na gora, su buga sakamakon da Hausa, yadda mai tallan zoɓo zai fahimta.

Mu kuma ɗalibai, gyara daga gida yake farawa. Ƙungiyarmu ta daina raba gora a tarurrukanta, a dafa ruwa a zuba a randa da tulu, kowa ya zo da moɗarsa. In an je hutu, a gaya wa iyaye mata su daina ƙulla abinci mai zafi a leda. Ranar da masu neman ƙuri'a suka zo kuwa, kada mu karɓi jakar fiya wata. Mu tambaye su ina famfo. In kunne ya ji, jiki ya tsira.