FILIN ƘARIN SANI: Harafin N Ɗaya Ne, Maganarsa Huɗu

Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya san harafin N. Da shi ake rubuta noma, nono da Nijar. Amma idan ya tsaya shi kaɗai, to taƙaice wata kalma ya yi. Sai a duba wurin da yake kafin a san nufinsa. Mutanen Jado, can arewa da Bilma cikin jihar Agadas, suna gamuwa da shi a wuri huɗu.

Na ɗaya, a taswira. A nan N yana nufin arewa, daga kalmar Faransanci. Tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, matafiya da yawa suka soma riƙe na'urar nuna hanya. A Agadas tana nuna kusan 17 N. A Jado tana nuna 21 N. Idan lambar tana ƙaruwa, arewa aka nufa. Idan tana raguwa, an koma kudu. Tsakanin lamba ɗaya da mai bi mata akwai wajen kilomita 111. A Tenere, kuskuren lamba ɗaya yana iya ƙarar da ruwan salka.

Na biyu, a buhun takin zamani. A nan N sunan sinadarin da ke sa ganye ya yi kore ne. Buhu mai kilo 50 da aka rubuta wa NPK 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7 da rabi na N. Buhun ure mai lamba 46 yana da kilo 23, ya ninka sau uku ke nan. Mai garka da ya zuba wa shuka ure da yawa, ba ruwa isasshe, zai ƙone ta.

Na uku, a cikin mota. A sandar giya, N yana nufin injin ba ya jan ƙafafu. Motar da aka bari a N bisa gangare, ba a ja birki ba, tana iya gangarawa da mutane da kaya.

Na huɗu, a takardar ciniki. N mai layi biyu a tsakiya Naira ce, kuɗin Najeriya tun 1973. Kuɗin Nijar da F ake nuna su. 5.000 F jika biyar ce ta sefa. N5.000 kuwa wani kuɗi ne dabam, sai an yi canji. Mai sayar da dabino ko gishiri ga baƙo ya duba harafin da kyau kafin ya sa hannu.

Saboda haka, wanda ya ga N kada ya yi gaggawa. Ya duba abin da ke kusa da shi. Idan bai gane ba, ya kai wa malamin ajinsu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.