Wa Zai Yi Wa Kaka Tafinta?

A shekara ta 2000 Shugaba Clinton ya ba da umarni ma'aikatun gwamnatin Amurka su riƙa taimakon wanda bai iya Turanci sosai ba. A watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya soke wannan umarni, ya ce Turanci shi ne harshen hukuma. Bai hana fassara ba, sai dai ya bar wa kowace ma'aikata zaɓi.

To, mun yarda, saurayin da ya je neman aiki lalle ne ya koyi harshen masu gari. In ba haka ba, kullum a cuce shi wajen kuɗin haya da albashi.

Amma mu tuna da iyayenmu mata da ke zuwa can wankan jegon 'ya'yansu. Tsohuwa mai shekara 70 za ta koyi Turanci cikin wata 6? In ciwo ya kama ta, babu tafinta, sai a ce jikanta ɗan shekara 10 ya fassara wa likita. Ciwon mara ke damunta, amma a gaban jika kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Sai ta ce kanta ke ciwo, likita kuwa ya rubuta mata maganin ciwon kai.