Mai yi wa ɗan bindiga kirari daban, mai ba da labarinsa daban

Ɗan'uwa, na san ka taɓa cin karo da su a TikTok. Matashi a daji, bindiga rataye a kafaɗa, damin kuɗi a gabansa, yana ta dariya. Ni wallahi sharhin da ke ƙasan bidiyon ya fi ba ni tsoro. "Sai oga!" "Allah ya ƙara girma!" Wasu har lambar asusun banki suke turawa, wai a sammusu. Kuɗin nan fa na fansa ne. Wataƙila wani sai da ya sayar da gonarsa ta rake kafin ya haɗa su.

Mu 'yan Ikara, Makarfi da Kudan ba sai an ba mu labari ba. A watan Satumban 2023 'yan bindiga suka shiga Saya-Saya da ke ƙaramar hukumar Ikara lokacin sallar isha'i, suka harbe mutane a cikin masallaci. Kafin ka danna wa irinsu alamar so, ka tuna da wannan daren. Tun Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 kuma ta haramta mara musu baya, ko da ta intanet ne. In an kama mai yi musu kirari aka kai shi gaban alƙali, ni dai ba zan ce an zalunce shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wa zai fassara "kambama ta'addanci"? A watan Agustan 2022 hukumar NBC ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga, ta kuma ci tarar wasu kamfanoni uku da suka nuna shirin BBC kan Zamfara. Laifinsu? Wai sun kambama ta'addanci. Mun kalli shirin na BBC da abokan karatuna, muka yi ta gardama. An ji bakin 'yan bindigar, gaskiya ne, amma an kuma nuna mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa aka kora daga garuruwansu. Wannan ai aikin jarida ne. A Janairun 2024 kotu ta soke tarar.

Gidan talabijin yana da lauyoyi. Kai fa? Ka ɗauka saurayi ne a Hunƙuyi ya ɗora bidiyon hari, ya rubuta cewa an kira jami'an tsaro ba su zo ba. Gargaɗi ya yi, amma mai jin haushinsa zai iya cewa farfagandar 'yan ta'adda yake yaɗawa. Mun ga yadda aka tsare wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2022 kan rubutu guda a Twitter, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya daɗe ana kama 'yan jarida da shi kafin a gyara shi a 2024.

Abin da nake nema wurin 'yan majalisarmu shi ne su rubuta ƙarara abin da ake kira yabo ko tunzurawa, su ware rahoto da sukar gwamnati, sannan hukunci ya zama na kotu kaɗai. Kai kuma in bidiyon daji ya faɗo maka, kar ka tura shi dandalin WhatsApp na unguwa, ko da tsinuwa za ka haɗa shi. TikTok yawan kallo da sharhi yake ƙirgawa, sai ya ƙara tura shi ga wasu. Ka kai ƙarar shafin, ka wuce.