Alkawari Kaya Ne: Kukan Samarinmu A Kan Masu Wasan Dangwale

Jama'a 'yan'uwa, akwai wani kuka da ake ta ji a bakin samari da 'yan mata na Kankiya da Kusada da ƙauyukan kewaye tun ƙarshen daminar 2024, wanda manya da yawa suka mai da shi abin dariya. Kukan kuwa na waɗanda suka shiga wasannin wayar nan ne da ake kira mainin, ko dangwale, suka yi wata da watanni suna dangwala fuskar waya da yatsa, daga bisani suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Abin bai bar kowa ba, da yaranmu da na maƙwabtanmu Musulmi. Mu dai a namu ganin kukan nan yana da tushe, ya kuma cancanci a saurare shi, gama irin waɗannan wasanni ba sa ƙarewa, sai dai su sake suna su komo.

Bari mu fara da yadda abin ya faro, saboda iyayen da suka ga yara sun duƙufa a kan waya amma ba su san dawan garin ba. A watan Janairu na 2024 aka buɗe wani wasa mai suna Notcoin a cikin manhajar Telegram. Aikin ɗan wasa shi ne ya riƙa taɓa hoton wani kwabo yana tara maki. Ran 16 ga Mayu na shekarar aka mai da makin nan kuɗin intanet, watau kirifto, aka kai shi kasuwa, waɗansu kuwa suka sami kuɗi na gaske suka cire a banki. Abin da samari suke kira "fashewa" ke nan. Labari ya bazu a ƙasar Hausa, wanda bai shiga ba ya ciji yatsa ya ce na gaba ba zai wuce shi ba.

Kada kuma mu manta da halin da ake ciki a lokacin. An janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, darajar naira ta faɗi, a watan Yuni na 2024 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100. Yaron da ya gama sakandare ko makarantar kiwon lafiya ta Kankiya yana zaune ba aikin yi, aka ce masa ga hanyar samu wadda ba ta bukatar jari, me zai hana shi gwadawa? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wasan da ya fi kowanne jan jama'a shi ne Hamster Kombat, wanda aka fara a ƙarshen watan Maris na 2024. Hamster wata 'yar dabba ce mai kama da ɓera, ita ce ɗan wasa yake dangwalawa. Masu wasan sun ce kafin ƙarshen damina mutum miliyan 300 suka shiga a duniya. A duk tsawon wannan lokaci ba su taɓa bayyana sunayensu ko fuskokinsu ga 'yan wasa ba. Sanarwa kawai take fitowa, kowa ya karanta ya yi ta fassara da kansa.

Da fari an nuna wa 'yan wasa cewa ribar da mutum yake tarawa a kowace awa ita ce ta fi muhimmanci, don haka yara suka riƙa zuba makinsu wajen sayen katunan da suke ƙara ta. Can tsakiyar tafiya sai aka shigo da makullai, waɗanda ake samu ta hanyar sauke waɗansu wasanni dabam a waya a buga su. Aka kuma sa gayyatar abokai da kallon bidiyo cikin abubuwan da za a duba ranar rabo. Nawa ne nauyin kowanne a kan sikeli? Ba a faɗa ba. An sa ran rabo a watan Yuli, aka ɗaga. Ran 20 ga Satumba aka rufe lissafi, sa'an nan aka ba da sanarwa cewa mutum miliyan 131 ne kaɗai suka cancanci rabo, an kori miliyan 2.3 bisa zargin maguɗi, kuma kashi 11.25 cikin 100 na rabon kowa za a riƙe shi har wata 10. Da yawa daga cikin waɗanda aka kora sun yi ta kukan cewa ba su yi maguɗi ba. Ran 26 ga Satumba kuɗin ya shiga kasuwa a kan kimanin santi ɗaya na dalar Amurka, ya kuma fara gangarowa tun a ranar.

Wani wasan mai suna TapSwap shi ma haka ya yi ta wasa da hankalin jama'a. An sa ranar 30 ga Mayu 2024, aka mai da ita 1 ga Yuli, aka sake ɗagawa, kuɗin bai fito ba sai a farkon 2025, bayan da yawa sun gaji sun watse.

Yanzu mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare. Masu Hamster sun raba kwabo biliyan 60 ga mutum miliyan 131. In aka yi raba daidai, kowa zai tashi da kimanin kwabo 460. A kan santi ɗaya, wannan bai kai dala 5 ba. Dala kuwa a watan Satumba na 2024 tana wajen naira 1,600, watau ladan wata shida bai kai naira 8,000 ba, alhali mafi ƙarancin albashi na wata guda da aka sa wa hannu a Yulin shekarar naira 70,000 ne. Tun da kuma ba raba daidai aka yi ba, waɗanda suka gayyato mutane da yawa suka kwashi kaso mai tsoka, yaron ƙauye ya sami ƙasa da haka. Wanda ya shuka gero a Kusada a watan Yuni ya riga ya fara girbi kafin ranar fashewar nan.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, masu wasan suna da waɗannan alƙaluma a hannunsu. Sun san yawan 'yan wasa, tun da su ne suke shelar yawan kowane mako. Sun san yawan abin da za su raba. Da sun ga dama, da tun a watan Yuni sun fito fili sun ce, jama'a kun yi yawa, abin da kowa zai samu kaɗan ne, wanda zai ci gaba ya ci gaba don nishaɗi. Maimakon haka sai suka yi ta kururuta cewa rabon da ba a taɓa yin irinsa ba yana tafe. Ba su ambaci adadi ba, don kada a kama su da ƙarya, suka bar zuciyar kowa ta cike gurbin da abin da take so. A wurinmu, barin mutum cikin zaton da ka san ba gaskiya ba ne, domin kana cin moriyar zaton nasa, ɗan'uwan ƙarya ne.

Mu mutanen karkara mun san ƙa'idar aiki. In za ka ba ɗan ƙwadago noma, sai kun tsaya a bakin gona kun yi jinga, ya ga iyakar kunya, ya ji kuɗinsa, kafin ya sa fartanya. Ba a bari sai ya kai rabi a ce masa ai har da gonar bayan rafi. Uwar adashi an san ta, an san gidanta, an san ranar kwasar kowa. Dillali a kasuwar dabbobi an san la'adarsa. Ko 'yan dara a gindin bishiya ba sa yarda a sake doka bayan an jera 'ya'ya. Abin da yaranmu suka nema a wurin masu wasannin nan bai wuce wannan ba: a faɗa musu doka tun da fari, a tsaya a kanta, in za a ɗaga rana a faɗi dalili, in an kori mutum a ba shi wurin da zai kai ƙara.

To, akwai masu cewa ai ba wanda ya karɓi ko kwabo a hannun yaran, ba kamar MMM ba da ta daskarar da kuɗin jama'a a watan Disamba na 2016, ko CBEX da ta rushe a Afrilun 2025. Suna cewa kyauta aka yi musu, wanda aka yi wa kyauta kuwa ba ya raina ta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, lalle akwai bambanci tsakanin wanda ya kwashe maka jari da wanda ya ɓata maka lokaci. Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Yaran sun sayi data, sun biya kuɗin caji a shago saboda rashin wuta, waɗansu sun rage barci don kada makin yini ya wuce su. Shafin masu Hamster na YouTube ya tara mabiya sama da miliyan 30 cikin 'yan watanni, saboda ana ba 'yan wasa maki in sun kalli bidiyo, kowane kallo kuwa yana jawo kuɗin talla. Wasannin da aka sa yara su sauke don neman makullai su ma talla ce. Idon yaranmu da lokacinsu su ne hajar da aka kai kasuwa. Wanda aka ci riba da guminsa yana da ikon ya tambaya.

Daɗin daɗawa, akwai matsalar harshe. Sanarwar masu wasan ba ta zuwa da Hausa. Yaron da Turancinsa bai nuna ba sai ya dogara ga wani ɗan gari da yake fassara masa a bidiyo ko a dandalin WhatsApp. Mai fassarar nan kuwa sau da yawa shi ne mai gayyata, wanda rabonsa yake ƙaruwa da kowane mutum da ya shigo ta hannunsa. Inda masu wasa suka ce "watakila", shi sai ya ce "tabbas". Inda ba su ambaci kuɗi ba, shi sai ya ambaci miliyoyi. Wannan ɓangaren laifin a cikin gida yake, ba za mu ɗora shi a kan baƙin da ba mu san fuskarsu ba.

Kada a ce haka masu yin wasa suke duka. Yaranmu sun san wasan ƙwallon nan na kamfanin Konami na ƙasar Japan, wanda suke kira PES. Da kamfanin ya fito da sabon salonsa mai suna eFootball ran 30 ga Satumba 2021, abin ya fito a lalace, jama'a suka yi ca. Washegari kamfanin ya ba da haƙuri a fili, daga baya ya soke wani kunshi da ya riga ya sayar, ya mayar wa mutane kuɗinsu. Haka nan kamfanin Square Enix, da wasansa Final Fantasy na 14 ya fito ba daɗi a 2010, ya dakatar da karɓar kuɗin wata-wata, ya naɗa wani mai suna Naoki Yoshida ya riƙa rubuta wa 'yan wasa wasiƙa da sunansa, yana faɗa musu abin da ya lalace da lokacin da za a gyara. Aka rufe wasan a 2012, aka sake gina shi, aka buɗe a watan Agusta na 2013, jama'a kuwa suka komo. Masu Hamster fa? Kafin watan Nuwamba na 2024 rahotanni sun nuna 'yan wasansu sun ragu zuwa kimanin miliyan 41. Ashe mutane suna iya yafe kuskure in an fito an yi musu magana kamar masu hankali.

Saboda haka muna kira ga samarinmu da 'yan matanmu, duk ran da aka kawo muku wani sabon wasa mai alkawarin kuɗi, ku tambaya kafin ku sa hannu. Wane ne mai shi, ina sunansa? An rubuta dokar rabo tun yanzu, ko sai ranar? In aka cuce ni, wa zan kai wa kuka? Shi mai gayyatata me zai samu? In ba amsa, to ku sani kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ku kuma kiyaye lambar BVN da NIN da lambobin sirri na banki, gama a lokacin fashewa ne 'yan damfara suke baza shafukan bogi.

Ku kuma masu gayyata, in har za ku kira ɗan'uwa, ku faɗa masa abin da za ku samu a kansa, ku kuma faɗa masa abin da ba ku da tabbas a kai. Gari ɗaya kuke, gobe za ku haɗu a kasuwa ko a wurin biki.

Hukumomi ma suna da nasu aiki. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ta sa kadarorin intanet a ƙarƙashin hukumar SEC, akwai kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Kamfanin da ba shi da ofis a Nijeriya yana da wuyar kamawa, amma faɗakarwa da Hausa a gidajen rediyo ba ta gagari kowa ba, tun abin yana ɗanye.

A ƙarshe, mu iyaye da shugabannin matasa, dariya da gori ba za su hana yaro shiga na gaba ba, sai dai su sa ya ɓoye mana. Mu zauna da su mu yi lissafin nan tare, kuɗin data nawa, kuɗin caji nawa, awa nawa, me aka samu. In muna zargin baƙi da ƙin sauraron yaranmu, bai kamata a same mu da wannan hali a cikin gida ba. Allah ya ba mu hikima, ya kuma buɗe wa matasanmu hanyar abinci ta halal.