Mai Sayen Tsohon Gida Don Haya, Ya Ƙirga Ƙofofi Kafin Ɗakuna

Wannan magana ce zuwa ga attajirai da 'yan kasuwa na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da 'yan'uwanmu malamai waɗanda akan kira su shaidar ciniki.

Kowa ya sani tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukanmu, talakawa suka yi ta barin gonakinsu suna kwararowa cikin gari, wasu har Funtuwa da Katsina. Kwashe 'yan makaranta fiye da 300 da aka yi a Ƙanƙara cikin Disamba 2020 shi ne abin da duniya ta ji, amma gudun hijira ya riga shi farawa. Ɗaki ya yi tsada. Sai masu hali suka shiga sayen tsofaffin gidaje, suna tsaga su ɗaki-ɗaki, suna zuba 'yan haya. Ciniki ne halal, ba mu da ta cewa. Inda muke ja shi ne, mai saye yakan ƙirga ɗakuna ya lissafa kuɗin shekara, ba ya ƙirga ƙofofin fita.

Ku duba, jama'a. Gidan da aka gina don iyali guda, da zaure ɗaya da murhu ɗaya, yau ga magidanta takwas ko goma a ciki, kowace mace da murhunta ko tukunyar gas. Tsoron mutanen daji ya sa an toshe ƙofar baya da bulo, an gitta wa tagogi ƙarfe, in dare ya yi a garƙame zaure da kwaɗo, makulli kuwa yana aljihun mutum guda. A cikin zauren nan ne kuma ake ajiye babura, da jarkar fetur ta inji. Watau hanya ɗaya tak da mata da yara za su bi su tsira, nan ne wuta ta fi saurin kamawa. Ba mu ce a bar gida a buɗe ba, halin da ake ciki bai ba da haka ba. A buɗe ƙofa ta biyu mai sakata daga ciki, a bar taga guda a kowane sashe wadda ƙarfenta ke buɗuwa, fetur kuma a fitar da shi daga inda ake kwana.

Sa'an nan wayar lantarki. Tsohuwar waya da aka ja don ƙwan fitila biyu ba ta ɗaukar dutsen guga da abin dafa ruwa na ɗakuna goma. Za ta yi zafi cikin silin, ba mai gani. In kuwa bangon da ya raba ɗakuna bai kai ga kwano ba, wuta ta bi sama ta game gida kafin na ƙarshe ya farka, balle da hunturu. Babbar kasuwar Katsina ta ƙone cikin Maris 2021, alhali tana birni kusa da 'yan kwana-kwana. To, ina ga gidan da ke ƙuryar lungu, inda ko amalanke da ƙyar take shiga? Ya tabbata cikin hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi umurni a riƙa kashe wuta kafin barci.

Game da takarda, maganar gajera ce. Galibin gidajen nan na gado ne. A tabbata an raba, kowane magaji ya yarda, har matan da suka yi aure nesa, kada mai haƙƙin shufu'a ya taso daga baya. A sanar da mai unguwa da dagaci. Kafin a ƙara ɗaki ko a fasa shago a bango, a nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, domin wanda ya ci hanya ko ya hau magudanar ruwa, ranar rusau ba dillali a wurin, ya riga ya karɓi la'adarsa.

Mu malamai kuma da namu laifin. Mun karanta cikin Risala da Muhtasar cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayarwa. Amma sai a kira mu, mu zauna a zaure, a ƙirga kuɗi, mu shafa fatiha, mu karɓi goro, ba wanda ya tambayi ko azara ta ruɓe. Wanda aka kira shaida ya nemi sallama ya shiga ciki, tare da magini da mai gyaran wuta, a zaga gidan har bayan ɗakuna, a rubuta abin da aka gani cikin takardar ciniki, a rage kuɗin gyaran daga farashi tun ba a sa hannu ba.